Koyar da Tarihin Yaƙe-yaƙe a Ajin Manya: Misalin Shekarar 1899 daga Lugu zuwa Tirmini

Tun da aka kafa ma'aikatar yaƙi da jahilci a ƙasar Nijar cikin shekarar 1963, da taimakon UNESCO, ake tattauna abin da ya kamata a sa a gaban magidanci bayan ya gane baƙaƙe da wasula. Amsar da aka fi bayarwa cikin shekarun 1960 da 1970 ita ce a ba shi abin da zai amfane shi nan take, watau awon gyaɗa a kasuwa, da lissafin bashin iri da taki, da tsabtar rijiya, da maganin zawon yara. Jaridun karkara na wancan zamani, irin su Ganga da Sabon Ra'ayi da Muryar Damagaram, su ma nan suka fi karkata. Ba a ga laifin wannan zaɓi ba, domin manomin da ake cuta a bakin sikeli ya fi bukatar lissafi bisa ga labarin sarakuna. Amma sakamakonsa shi ne aikin da ake kira yaƙi ya bar labarin yaƙi a waje. Tarihin yaƙe-yaƙen ƙasa ya zauna a bakin makaɗan fada, irin su Ma'azu Ɗan Alalo na Damagaram, da bakin tsofaffi a gindin bishiya, sa'an nan cikin littattafan Faransanci waɗanda ɗaliban ajin manya ba su iya karantawa.

Masu bincike kuwa ba su zauna ba. Cibiyar tattara al'adun baka da aka buɗe a Yamai cikin 1968, wadda ta koma CELHTO, ta ɗauki muryoyin tsofaffi da yawa. André Salifou ya fitar da littafinsa a kan Damagaram cikin 1971, da wani a kan Kawusan cikin 1973. Djibo Hamani ya rubuta tarihin Adar cikin 1975. Daga bakin Hausawa aka karɓo kaso mai yawa na abin da ke cikin waɗannan littattafai, aka juya shi zuwa Faransanci, kuma kaɗan ne ya komo wa masu shi cikin harshensu. Duk mai shirya darasin tarihin yaƙi domin manya, wannan hanyar komowa ce yake nema.

Ajin manya ya bambanta da lakwal ta wata fuska da ta fi tsanani a fannin tarihi. Yaro yana karɓar abin da malami ya faɗa. Dattijon da ke zaune a kan tabarma da alli a hannu ya riga ya ji labarin daga kakarsa, ya san rijiyar da aka ce an cika da gawa, ya san gidan da kakansu ya yi wa baƙi jagora, wani lokaci ma shi ne jikan. Malamin aji kuwa sau da yawa saurayi ne wanda bai kai ɗalibansa shekaru ba, kuma ba lalle ba ne ɗan garin. In littafin da ke hannunsa ya saɓa wa abin da garin ya sani, littafin ne zai faɗi, kuma sauran darussan za su raunana tare da shi. Saboda haka aka zaɓi shekara ɗaya a nan, 1899, domin a ga irin matsalolin da ke fitowa. Dalilin zaɓenta shi ne hanyar da ayarin Faransawa ya bi a wannan shekara, daga Dogon Dutsi zuwa Ƙonni, zuwa Gobir da Tasawa, har Damagaram, kusan ita ce babbar hanyar mota ta yau, kuma a gefenta ne mafi yawan masu karatu da Hausa suke zaune.

Abin da ya faru

A ranar 14 ga Yuni 1898 Ingila da Faransa suka sa hannu a kan yarjejeniyar raba ƙasa. Aka zana rabin da'ira mai nisan mil 100 daga birnin Sakkwato, aka ce abin da ke ciki na Ingila ne. Faransa ta samu arewa, inda rijiyoyi suke da nisa da juna, kuma tana son ta haɗa ƙasashenta na yamma da tafkin Cadi. Wata guda kafin haka, ranar 5 ga Mayu, an kashe Kapitan Cazemajou da tafintansa a birnin Damagaram, zamanin Sarki Amadu Kuran Daga ɗan Tanimun, domin fada ta yi zaton yana kan hanyarsa ta ƙulla amana da Rabe, wanda ya ci Borno cikin 1893.

Aka ɗora wa hafsoshi biyu, Voulet da Chanoine, aikin kai tuta Cadi. Su ne suka ci Wagadugu cikin 1896, kuma an san halinsu tun can. Turawan da ke cikin ayarin ba su kai goma ba. Sauran duka ƴan Afirka ne: sojoji da ƴan sa-kai da aka ɗebo daga ƙasar da ake kira Sudan ta Faransa, watau Mali ta yau, akasarinsu masu jin Bambaranci, da ƴan dako wajen 800 da aka kamo, galibi daga ƙasar Mosi. Ayarin ya haɗu a Sansane Hausa, a bakin kogin Kwara, farkon Janairu 1899, kuma a nan aka kashe mutum 101, maza da mata da yara. Daga nan ayarin ya riƙa ƙaruwa da matan da aka kama da dabbobin da aka kwace, har ya zama gari guda mai tafiya, wanda babu ƙauyen da zai iya ci da shi ko shayar da shi. Wannan ya sa Voulet ya bar hanyar arewa ya kutsa cikin da'irar Ingila, inda akwai ruwa da rumbuna.

Ranar 16 ga Afrilu suka isa Lugu, kusa da Matankari, a ƙasar Arewa ta Dogon Dutsi. Mutanen Sarauniya Mangu suka tare su da kwari da baka, sa'an nan suka janye cikin kurmi mai ƙaya, inda doki da bindiga ba su da amfani sosai. Bisa ga takardun ayarin, an kashe masa mutum 4, an raunana 6, ya kuma ƙone harsashi wajen 7,000. Cikin watan Mayu aka faɗa wa Birnin Ƙonni, aka ƙone shi, aka kashe jama'a mai yawan gaske, aka kwashi mata. Ƙauyukan Gobir da na yammacin Tasawa suka sha irin wannan.

Labari ya riga ya isa Paris ta hanyar wasiƙar wani hafsa mai suna Peteau, wanda aka kora daga ayarin. Gwamnati ta aika Kanal Klobb ya bi sawu ya karɓe shugabanci. Bai sha wuyar gane hanya ba, toka da gawawwaki ne suka nuna masa. A Koran Kalgo ya tarar da ƴan mata ƙanana a rataye a bisa itace. Ranar 14 ga Yuli ya cim ma Voulet a Ɗankori, ya hana mutanensa harbi, Voulet kuwa ya sa nasa suka harbe shi. Bayan haka ya sanar da sojojinsa cewa ya fita daga Faransa, zai kafa daular kansa. Sojojin ba su yarda ba: suka kashe Chanoine ranar 16, suka kashe Voulet ranar 17, a wajen Maijirgi. Hafsoshin da suka rage, Pallier da Joalland da Meynier, suka ci gaba da tafiya gabas. A ƙarshen Yuli suka gamu da rundunar Damagaram a Tirmini, suka karya ta, suka shiga birni. Aka bi Amadu Kuran Daga aka kashe shi cikin Satumba. Ranar 22 ga Afrilu 1900 aka yi yaƙin Kusuri, inda Rabe ya mutu, kuma burin haɗa ƙasashen ya cika. Cikin 1902 hukumar Faransa ta rufe bincike a kan ayarin, ta danganta abin da ya faru ga taɓin hankali da zafin ƙasa ya jawo wa hafsoshin biyu.

Majiyoyi uku

Wanda zai rubuta wannan labari cikin shafi huɗu na manyan baƙaƙe yana da majiya iri uku, kuma kowace tana jan labarin zuwa wani gefe.

Ta farko takardun Faransawa ne: littafin tafiyar Klobb da aka buga cikin 1905, da littafin Joalland na 1930, da rahotannin da ke ajiye a Faransa, waɗanda Muriel Mathieu ta yi nazari a kansu cikin littafinta na 1995. Daga nan ake samun ranaku da adadi, kuma ba a iya yin darasi ba tare da su ba. Amma ya kamata a lura da abin da suka ƙidaya da kyau: harsashi, da dawaki, da sojan da ya mutu. Sunan littafin Joalland ma ya isa shaida, domin ya kira shi bala'in Ɗankori, watau a wurinsa abin takaicin shekarar shi ne Bafaranshe ya harbe Bafaranshe. Ƙonni ta zama wani zango a kan hanya. Malamin da ya bi tsarin waɗannan littattafai zai tarar ya shirya darasi a kan rigimar hafsoshi uku, mutanen ƙasa kuwa sun koma itatuwan gefen hanya.

Ta biyu ita ce ruwayar baka. Ita ce ke riƙe da sunayen unguwanni da rijiyoyi, da inda aka gudu aka ɓuya, da wanda aka tafi da shi bai komo ba. Rauninta sananne ne: tana haɗa yaƙi biyu su zama ɗaya, tana kare mutuncin gidan mai magana, kuma ba ta da rana ko wata irin na takarda. Akwai kuma abin da ba a cika ambata ba, watau ruwayar baka da aka rubuta da wuri ta bi ta hannun tafintan mulkin mallaka. Bayanan tarihi da Landeroin ya tattara cikin ayarin Tilho na shata iyaka, tsakanin 1906 da 1909, su ne tushen jerin sarakuna da shekarun da ake maimaitawa har yau a kan Maraɗi da Gobir da Damagaram. Landeroin ya ji Hausa, har ya rubuta nahawu da ƙamus tare da Tilho. Duk da haka hafsa ne, kuma dattawan da suka zauna gabansa shekara bakwai ko takwas bayan Tirmini sun san da wa suke magana.

Ta uku ita ce adabi, kuma ita ce ta fi ƙarfi a zukata. Cikin 1980 Abdoulaye Mamani ya fitar da littafinsa Sarraounia, Med Hondo ya mai da shi fim cikin 1986, fim ɗin ya ci babbar lambar bikin FESPACO a Wagadugu cikin 1987. Kafin wannan littafi, ba kowa ne ya san labarin Lugu a wajen ƙasar Arewa ba, kuma takardun Faransawa layuka kaɗan suka ba shi. Mamani ya yi aikin marubuci, ya ƙirƙiro zance da mutane da fada, ya fitar da jaruma wadda dukan ƙasa take alfahari da ita. Hakkinsa ne. Haɗarin yana ga mai shirya darasi, domin labarin littafin ya koma cikin bakin jama'a ta rediyo da lakwal, har mai bincike yana iya ɗaukar muryar wani dattijo yana zaton ruwayar kakanni ce, alhali kuwa fim ne ya komo masa. A Lugu kanta Sarauniya sarauta ce ta addinin gargajiya, wadda mata suka riƙe kafin Mangu da bayanta, kuma aikinta ya fi shafar tsafi da shari'a da zaman lafiyar ƙasa bisa ga jan daga. In littafin aji ya rubuta kalmar kamar sunan yanka na mace ɗaya mai takobi, ya ɓatar da abin da mutanen wurin suka fi riƙewa.

Matsalar kalmomi

A nan ne aikin masanin harshe yake shiga. Hausa tana da wadatar kalmomin yaƙi, kuma ba ma'anarsu ɗaya ba. Yaƙi shi ne fitar runduna da izinin sarki, da tambari da tuta. Hari fita ce ta ƴan dawaki domin ganima, a buga a komo. Daga ita ce sahun da ake ja a fili, rundunar nan tana duban waccan, kuma daga nan laƙabin Kuran Daga ya fito. Akwai sansani, da kwanton ɓauna, da ƙawanya da ake yi wa birni mai ganuwa. Akwai barade a kan dawaki, da ƴan lifidi, da ƴan sulke, da dakaru masu tafiya a ƙasa, da ƴan baka. Dattawan aji sun san waɗannan kalmomi fiye da malaminsu, kuma jera su a allo darasin rubutu ne mai kyau, domin ƙ da ɓ da ƴ duk suna ciki.

To, wace kalma ce ta dace da kowane zango na 1899? Tirmini daga ce, babu shakka: runduna ta fito da sarkinta, ta tsaya a fili, aka karya ta. Lugu yaƙi ne na masu kare gida. Ƙonni fa? In aka rubuta yaƙin Ƙonni, an ba mai karatu hoton rundunoni biyu masu gwada ƙarfi, kuma an sa mata da yaran da aka kashe cikin lissafin hasarar yaƙi, abin da kowa ya san yakan faru. In aka rubuta hari, an rage abin, an daidaita shi da abin da mahayan Maraɗi da na Katsina suka saba yi wa juna. Kalmar da ta yi daidai da abin da shaidu suka nuna, har da shaidar Klobb a kan garuruwan da ya ratsa, ita ce kisan gilla. Kalma ce mai nauyi a littafin koyon karatu, amma sauƙaƙa ta ƙarya ce, kuma mutanen Ƙonni za su gane ƙaryar tun daga layin farko.

Haka kuma batun wanda ya aikata. In aka ce Nasara sun ƙone gari, gaskiya ne ta fuskar umarni da alhaki. Amma hannun da ya riƙe wutar na baƙar fata ne, kuma irin wannan hannu ne ya harbe Voulet a Maijirgi. Ƴan dakon Mosi da aka ɗaure wuya da wuya, waɗanda ake kashewa in sun gaza, suna cikin ayarin, suna kuma cikin waɗanda aka zalunta. Wasu sarakunan hanya sun karɓi baƙin, sun ba su abinci da jagora, ko don tsoro ko don neman rinjaye a kan maƙwabci. Darasin da ya raba duniya gida biyu, fari da baƙi, yana da sauƙin rubutu, sai dai ba ya bayyana yadda Turawa ƙasa da goma suka ratsa ƙasar Hausa daga yamma zuwa gabas cikin wata bakwai. Babban mutum kuwa wannan tambaya ce zai fara yi.

Kalmar azna ko arna ma tana bukatar shawara. A ƙasar Arewa da Adar suna ne na jama'a da al'adarsu, masu ƙasa na asali. A bakin wasu malamai kuwa zagi ne. Ajin da ya haɗa jikokin waɗannan da na waɗancan ba zai karanta kalmar da murya ɗaya ba, kuma gara littafin malami ya yi bayaninta a fili da a bar shi ya yi tuntuɓe da ita a gaban jama'a.

Yaƙe-yaƙen da suka gabata

Shekarar 1899 tana da sauƙi ta wata fuska, domin mai laifi ya zo daga nesa kuma ya tafi. Wuyar tana ga abin da ya gabace ta. Matankari da Ƙonni, garuruwan nan biyu da ayarin Voulet ya bi, su ne kuma wuraren da jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ta fara gwabzawa cikin 1804, bayan hijira zuwa Gudu, kafin yaƙin Tabkin Kwatto. Shehu kansa a Maratta aka haife shi cikin 1754, kusa da Galmi, cikin Nijar ta yau. Alƙalawa ta faɗi cikin 1808. Gidan sarautar Katsina da aka kora ya kafu a Maraɗi a ƙarƙashin Ɗan Kasawa, Gobirawa kuma suka kafa Tsibiri. Cikin 1836 Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya karya rundunar haɗin gwiwa a Gawakuke, inda Rauda na Maraɗi da Ali na Gobir suka mutu. Daga baya Ɗan Baskore ya shafe shekaru yana kai hari cikin ƙasar Katsina da Kano. A gabas Tanimun ya kewaye Damagaram da ganuwa, ya sa maƙera suka zuba igwa, har ana ba da labarin bindiga 6,000 da igwa 40 a hannunsa, ɗansa Amadu kuwa ya kai yaƙi har Gezawa, kusa da Kano, cikin 1898.

Abin karantawa da Hausa a kan waɗannan yaƙe-yaƙe ya daɗe da samuwa, amma daga kudu ya zo. Labarun Hausawa da Maƙwabtansu, wanda aka buga a Zariya farkon shekarun 1930, da Tarihin Fulani na Waziri Junaidu, sun dogara ga rubuce-rubucen malaman Sakkwato da na masarautun da ke ƙarƙashinta. Littattafai ne masu daraja, kuma Hausarsu abin koyi ce. Sai dai a mahangar waɗannan majiyoyi mutumin Maraɗi ko na Tsibiri shi ne abokin gaba, wanda ya ƙi biyayya. A Maraɗi kuwa wannan mutum shi ne wanda ya riƙe gadon Katsina, Ƙauransa jarumi ne da ake yi wa kirari. Kalmar tawaye tana nuna akwai halattaccen shugaba da aka bijire wa, kuma wannan shi ne ainihin abin da ɓangarorin biyu suka yi shekara tamanin suna jayayya a kai. Mai rubuta darasi ba ya da ikon yanke wannan shari'a da kalma ɗaya. Abin da yake iyawa shi ne ya kawo ruwaya biyu a shafi biyu masu duban juna, ya faɗi daga inda kowace ta fito, ya bar ajin ya yi aikinsa. Manya sun saba da sauraron shaidu biyu a zauren mai gari.

Akwai dalilin da ya sa wannan ya wuce gardamar masana. A shekarun nan ƴan bindiga suna addabar ƙauyukan iyaka a kudancin Maraɗi da Tawa, kuma ana saurin liƙa wa rigimar sunan ƙabila. Darasin da ya taƙaita jihadi da cewa Fulani ne suka yaƙi Hausawa zai zuba mai a wuta, kuma ba daidai ba ne a tarihi: jama'ar Shehu ta ƙunshi Hausawa da Buzaye, rundunar Gobir ma ba Gobirawa kaɗai ba ne a cikinta, kuma a Gawakuke Buzaye sun tsaya tare da Maraɗi da Gobir.

Lissafi da kalanda

Tarihin yaƙi yana da amfani ga darasin lissafi fiye da yadda ake zato. Dattijo ba ya cewa 16 ga Afrilu. Yana cewa da bazara, rijiyoyi sun ja baya. In aka juya ranakun takarda zuwa watannin Musulunci, yaƙin Lugu ya faɗa farkon watan Layya na shekarar 1316, kwana kaɗan kafin babbar salla, Ɗankori da Tirmini kuwa cikin watan Gani na 1317, damina ta sauka, gero yana tashi. Wannan juyi hanya ce ta gwada ruwaya: wanda ya ce an ƙone garinsu ana cikin girbi, wataƙila wani yaƙi dabam yake nufi. Haka nan ana iya tambayar aji guga nawa ake bukata a shayar da mutum dubu da dabbobinsu a rijiya mai gaba ashirin, da dami nawa za su cinye a kwana uku. Manomi ya fi kowa sanin amsar, kuma in ya lissafta da hannunsa zai gane dalilin da ya sa ayarin ya bar arewa ya faɗa wa garuruwa masu rumbu, ba tare da an wanke masu laifi ba.

Mazan jiya da rubutun murya

Cikin shekarun 1960 da 1970 akwai wani rukuni a ƙauyuka wanda ya san yaƙi da jikinsa, watau mazan jiya da suka yi wa Faransa aikin soja a yaƙin duniya na biyu, da Indocin, da Aljeriya. Shugaba Seyni Kountché, wanda ya mulki ƙasar daga 1974 zuwa 1987, shi ma ta wannan hanya ya bi. Dokar Faransa ta ƙarshen 1959 ta daskarar da fanshonsu, ba a daidaita shi da na Faransawa gaba ɗaya ba sai 2011, lokacin da mafi yawansu sun riga mu gidan gaskiya. Su ne magadan rigar da sojojin Voulet suka sa, kuma rundunar da ta tashi daga Damagaram ta kwance ƙawanyar da Kawusan ya yi wa Agadas cikin Maris 1917 irin wannan riga ta sa. Labarinsu yanzu yana hannun ƴaƴa da jikoki, da takardun sallama da lambobin da ke cikin akwatuna. Takardar sallama tana ɗauke da suna da gari da shekara da wuraren da aka je, kuma ɗalibin da ya kawo ta kakansa aji ya kawo majiyar tarihi wadda babu ita a kowane littafi.

Saura batun yadda za a rubuta abin da aka ɗauka. Taron Bamako na 1966 ya ba Nijar rubutun da ke ninka dogon wasali, shi ya sa tsofaffin jaridun karkara suke rubuta Gangaa da Saabon Ra'ayii. Taron Yamai na 1980 ya kusantar da rubutun Nijar da na Nijeriya, abin da ya sauƙaƙa musayar littattafai. Amma daidaita rubutu ba daidaita baki ba ne. Dattijon Matankari ko na Ƙonni yana cewa sunka zo, yat tahi, anka yi hwaɗa. In mai rubutu ya mai da su suka zo, ya tafi, aka yi faɗa, ya sami daidaitacciyar Hausa wadda za a karanta a Damagaram da Kano, amma ya shafe alamar da ke nuna daga wane gari shaidar ta fito, kuma a tarihin yaƙi garin mai magana rabin shaidarsa ne. Hanyar da ta fi dacewa ita ce bayanin malami ya zo da daidaitacciyar Hausa, maganar dattijo kuwa a bar ta da karinta, a rubuta sunan garin da shekarar da aka ɗauke ta a ƙarƙashi, a kuma tambaye shi tun kafin a kunna rakoda ko ya taɓa ganin fim ɗin Med Hondo.